Fim Ɗin da Aka Hana Balbela

Direban motar makaranta yana cikin goge madubin gefe da tsumma Malama ta tsallako kwata ta nufo shi, jakarta a hammata, tana tafe tana waiwaye kamar wadda ta ɗauko abin da ba nata ba.

"Baba Direba, ina kwana. Don Allah ɗan matso, magana ce."

Ya rataye tsumman a kafaɗa ya bi ta bayan motar, inda hayaniyar yara ba ta kaiwa sosai. Ranar ce makaranta ta ware za a kai 'yan aji huɗu sinima, ladan gama jarrabawa. Tun sassafe suka yi layi a farfajiya, kowa da gorar ruwansa, ana ture-ture ana gardamar wanda zai zauna bakin taga.

"Fim ɗin nan ne," in ji Malama. "Wallahi ni fosta kawai na gani, uba da 'ya'yansa biyu suna dariya, an rubuta na iyali ne. Sai jiya ƙanwar maigidana take ba ni labarinsa. Ashe matar ce take rasuwa. Uwar yaran. Gaba ɗaya fim ɗin a kan mijin ne, yadda ya ƙare da 'ya'ya bayan ba ta."

Direba ya tsaya yana sauraro. Shi mutum ne da yake barin mai magana ya juye buhunsa kaf kafin ya buɗe baki, har wasu kan zaci bai ji ba.

"Na faɗa wa Hedimasta. Ya ce masu tace finafinai sun ce ya dace da yara, babu zagi, babu tsiraici, babu jini. Na ce masa Yallaɓai, ba wannan nake nufi ba. Sai ya ce to a bar wa uban yarinya ya yanke, tunda ga shi tare da mu." Ta gyara riƙon jakarta. "In ka ce ta shiga, zan zaunar da ita kusa da ni. In ka ce a'a, ba wanda zai ga laifinka."

Ya leƙa ta gefen motar. Ga 'yarsa can a layi, ta fi na gabanta tsawo, siraran ƙafafu cikin farar safa. Saboda ƙafafun nan da kuma yadda take bin ubanta duk inda ya sa ƙafa ne uwarta ta laƙaba mata Balbela, sunan kuma ya bi ta har cikin aji. Ba ta taɓa shiga sinima ba. Yau ita ta tashe shi, ta riga ta yi wanka ta shirya, har ta ɗora masa ruwan shayi.

"To," in ji shi.

"To ta shiga, ko to kar ta shiga?"

"Bari mu isa tukuna, Malama."

Hanyar ta cushe kamar kullum. Ya sa giya, ya cire, ya taka birki, ya saki, ƙafarsa ta hagu tana masa tsami tun daga cinya. Da yamma in ya ajiye motar makaranta wani kanti yake yi wa jigilar kaya, don haka barcinsa guntu ne, kuma ko guntun ba kullum yake zuwa ba. A bayansa yara sun ɓarke da waƙa suna buga kujeru, Malama tana tsawata musu da bakin da bai kai zuci ba. Balbela tana kujerarta ta kullum, ta bayan direba. In ya ɗaga ido madubi yakan ga rabin fuskarta. Yau har da ita a waƙar. Ya daɗe bai ga bakinta a buɗe haka ba.

Bara matarsa ta rasu, bayan jinyar da ta cinye su duka. Da aka watse daga zaman makoki aka bar su su biyu a gida, yayarsa ta ja shi gefe ta ce, "Ka ji ni da kyau. Yaro mantuwa gare shi, babba ne yake hana shi mantawa. Kar ka riƙa tono mata." Ya ga maganar da hankali, ga shi kuma ta zo daidai da abin da zai iya. Ya kwashe tufafin marigayiya da turarenta da hotuna ya zuba a akwati ya ɗora saman kwaba. Tun daga nan in zance ya doshi wajen, sai ya karkatar da shi kamar yadda yake kauce wa rami a titi. Yarinyar ma ba ta tambaya. Tana cin abinci, tana zuwa makaranta, tana cin jarrabawa. Shi a ganinsa ciwo ya kama hanyar warkewa, ga shi yau za a biya kuɗi a sa mata farce a ciki.

Filin ajiye motoci na bayan sinimar siminti ne zalla, babu ko bishiya ɗaya. Wata motar makaranta ta riga su isowa, direbanta kuma sanannensa ne, wani mai surutu da suke kira Mai Tumbi. Ya kishingiɗa a bakin ƙofar motarsa yana fifita da hula.

"A'a, Sarkin Shiru! Kai ma an turo ka kiwo?"

"An turo ni."

"Mu dai kullum mu ne a rana, 'ya'yan mutane a sanyi. Me ya samu fuskarka kamar an yi maka fakin a kai?"

Direba ya faɗa masa a taƙaice, yana kallon Malama tana tsara yara a cikin mota.

"Haba, yaran yanzu?" in ji Mai Tumbi. "Nawa na gida a waya suke kallon ana sare kan mutum, suna kallo suna cin biskit. Ni ne ma nake rufe ido." Ya yi dariya, sai kuma ya tuna da wa yake magana, dariyar ta tsinke. "Amma fa naka daban ne. Ni da ni ne, gaskiya ba za ta shiga ba. Me ya yi zafi? Ka saya mata alewa, gobe ta manta."

Yara suka fara sauka bibbiyu, hannu cikin hannu. Balbela ta miƙe ta rataya gorarta, ƙawarta mai tabarau tana jiranta a matakala.

"Balbela," in ji shi. "Ke tsaya. Ki taya ni gadin mota."

Ta juyo ta dube shi. Ya ɗauka za ta yi gardama ko ta fashe da kuka, ya ma tanadi abin da zai ce in ta yi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta sauke gorar daga wuyanta ta koma ta zauna.

"Taho mana!" in ji mai tabarau.

"Ku wuce, ku wuce," in ji Malama tana tura su gaba.

Sai wani yaro daga tsakiyar layi ya ɗaga murya, irin ta wanda ya san amsa yana so a san ya sani: "Ai saboda mamarta ne!"

Malama ta daka masa tsawa. Amma magana ta riga ta fita. Duk layin ya waiwayo, ido a kan tagar bayan direba, wasu da tausayi, wasu da son gani kawai. Haka suka tafi suna waige har ƙofar gilashi ta haɗiye su. Direba ya ji kamar shi ya rubuta abin a allo ya rataya wa 'yarsa a wuya.

Ya tsallaka ya sayo mata gugguru da lemo mai sanyi ya ajiye a gefenta. Ta ce ta gode. Ba ta taɓa su ba. Ya zuge tagogi duka, amma iskar da ke shigowa kamar daga bakin murhu take. Mai Tumbi ya riga ya rufe fuska da hula yana jan minshari. Direba ya zauna a mazauninsa, hannu a kan sitiyari kamar mai jiran danja ta ba shi hannu, ga mota a kashe. Raɓar jikin kwalbar lemon ta gangaro ta jiƙa kujera.

"Wani lokaci zan kawo ki," in ji shi yana kallon gaba. "Mu biyu. In an kawo na dariya."

"To."

"Wannan ɗin ba shi da wani daɗi, an ce."

"Na san labarinsa, Baba."

Ya ɗaga ido madubi.

"Mamarsu ce ta mutu. Tun a farko ma. Yayar ƙawata ta gani ta ba mu labari."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da aka ce za a kawo mu. Kowa ya sani a aji. In na shigo sai su yi shiru."

"Kuma ba ki faɗa min ba."

"Ai da na faɗa da ka hana ni tun a gida."

Gaskiya ta faɗa. Ya ɗauki tsumma ya goge gaban mota inda babu ƙura. Can ya ce, "To ke da kika san abin da ke ciki, me kike so ki gani?"

Ta daɗe tana murza igiyar gorarta. Shi kuma jira ba ya ba shi wahala, sana'arsa ce.

"So nake in ga yadda suke yi."

"Su wa?"

"Waɗanda tasu ta mutu." Ta ɗago. "Ko akwai wani abin da ake yi, mu ba mu yi ba."

Wata babbar mota ta wuce a titi, ƙasa ta ɗan girgiza. Direba ya juyo ya dubi 'yarsa. Da ta yi masa rashin kunya da ya san inda zai kama. Amma tambaya ta yi, irin wadda ake yi wa babba don ana zaton ya sani, shi kuwa bai sani ba. Shekara guda yana zaton shi yake riƙe da ita, ashe ita ma lallaɓa shi take yi, tana taka gidan a hankali kamar mai tafiya da tiren ƙwai.

Ya zare makulli ya sa a aljihu.

"Ɗauko gorarki."

"Motar fa?"

"Wa zai saci wannan akwalar? Ko an ba shi kyauta sai ya nemi ciko."

A bakin zauren kallon wata dattijuwa ce zaune a kan doguwar kujera, da rigar ma'aikata da tocila a cinya. Ta dube su daga sama har ƙasa.

"An fara tuntuni, bawan Allah."

"'Yar ajin da suka shiga ce. Tikitinta yana hannun malamarsu."

"Ina ta tsaya?"

"Ni na tsayar da ita."

Dattijuwar ta dubi yarinyar, ta dubi uban, ba ta ƙara tambaya ba. Ta sauko da ƙyar tana dafe gwiwa.

"Kai fa?"

"Ni direba ne."

"Direba ba shi da ido? Shigo ka tsaya a baya jikin bango, ba mai cinye ka. In manaja ya leƙo ka ce yara kake ƙirgawa."

Kafin ta tura ƙofar ya rage murya ya ce, "Iya, ke da kike ganinsa kullum, ya dace da yara kuwa?"

"Ni ina na sani? Ni dai in an tashi, layin yara gugguru nake sharewa, layin manya takardar fyace hanci. Duk shara ce, kuma bayana ɗaya ne."

Sanyi da duhu suka tare shi lokaci guda. Ya ga hasken tocila yana gangarawa da farar safar Balbela a bayansa, ya ga kawuna suna juyawa, ya ji raɗa tana bin layi. Mai tabarau ta janye jakarta daga kujerar da ta tare mata. Balbela ta zauna, tocila ta mutu.

Mutuwar ta riga ta wuce, ba su same ta ba. Abin da ya tarar a allo wani mutum ne da singileti a tsakar ɗaki, yana guga yana dama wa ƙaramin ɗansa abin kari yana neman takalmi ƙafa ɗaya, duk a lokaci guda. Waya ta yi ƙara, ya je ɗauka, ya bar dutsen guga a kan rigar makarantar 'yarsa. Da ya dawo ya ɗaga, ga shatin dutsen baƙi ƙirin a tsakiyar baya. Zauren ya kwashe da dariya. Direba bai yi ba. Irin wannan shatin yana nan a rigar Balbela ta biyu, wajen hammata, shi ya sa take ɗora rigar sanyi a kai ko ana zafi. A cikin dariyar yara ya tsinkayi tata, ta fi ta kowa tsawo, har ta sunkuya tana riƙe ciki. Sai ya ga ta waiwayo tana laluben bangon baya da ido. Bai san ko ta gan shi a duhun ba. Ya ɗaga hannu dai.

Daga nan fim ɗin ya yi ta tafiya, shi kuma ƙafafunsa suna ta ƙara nauyi. Rabin hankalinsa yana allo, rabi yana kan ƙeyar 'yarsa. Uban cikin fim ya yi faɗa da surukarsa, ya makara wajen aiki, ya manta ɗansa a wurin aski. Duk wannan Direba ya san shi, bai ga abin biyan kuɗi a kalla ba. Sai aka zo inda yarinyar ta tarar da uban a gaban kwabar uwarta. Maimakon ya rufe, sai ya zaunar da ita, ya riƙa zaro riguna ɗaya bayan ɗaya yana ba ta labarin kowace: wannan ranar da suka haɗu, wannan ranar da ta zame a gaban mutane ta tashi tana zagin takalmi. Yana magana yana dariya hawaye na zuba, bakinsa bai tsaya ba. Direba ya ce a ransa, wannan ai an rubuta masa ne. Wa zai ba mutum kalmomi haka a jere, a daidai lokacin da yake bukatarsu?

Zauren ya cika da jan hanci. Malama ta tusa fuska a gyale. Yaron nan mai babbar murya yana kuka har da shessheƙa. Balbela kuwa tana zaune ƙyam, ta miƙe wuya kamar mai sauraron bayanin da za a tambaye ta a jarrabawa. Da mai tabarau ta cire tabaranta tana share ido da hannu, Balbela ce ta zaro hankici ta miƙa mata, idonta bai bar allo ba.

Dattijuwar ta zunguro shi da gindin tocila ta nuna masa kujerarta da ta jawo ciki. Ya girgiza kai. Ta sake zungurarsa. Ya zauna.

Ana kunna fitilu ya riga kowa fita, ya je ya tayar da mota. Mai Tumbi ya farka yana miƙa.

"Ina ka shiga? Na duba ban ga ko 'yar ba. Kar dai ka kai ta?"

"Na kai ta."

"Kai ma ka kalla? To yaya, akwai faɗa?"

"Babu."

"Ko mota ba ta kife ba? Asarar sanyi kawai."

A hanyar komawa yara sun yi tsit har aka wuce danja ta farko, kafin ta biyu kuwa sun koma gardamar wa ya yi kuka wa bai yi ba. Mai babbar murya ya rantse shi gugguru ne ya shiga masa ido. Ba wanda ya ce wa Balbela komai, sai dai wata ta miƙo mata ragowar alewarta daga baya, wani ya ce in tana son taga ta ɗauki tasa, alhali tana da tata. Ta karɓi alewar ta ce ta gode. Direba yana gani a madubi, ya san wannan tausayin shi ya jawo mata shi, kuma zai bi ta har hutu.

A makaranta iyaye suka kwashe 'ya'yansu. Malama ta tsaya a matakala, idonta jajur.

"Baba Direba, ka yafe ni. Da na bincika tun farko."

"Ba laifinki, Malama."

"Ta dai yi ƙoƙari. Ta fi mu duka." Ta shafa kan Balbela ta sauka.

Ya kai motar rumfarta a bayan ajujuwa ya kashe. Aikin ƙarshe na kullum shi ne shara: shi da tsintsiya daga baya, ita da leda tana tsince robobi da takardun alewa daga gaba, su haɗu a tsakiya. Rana ta karkata, hasken ya shigo ta tagogin gefe ɗaya. Gugguru ko'ina, har cikin tsagar kujeru. Ya yi shara ya kai rabi kafin ya iya tambaya.

"To, kin gani. Yaya?"

"Da kyau." Ta cusa roba a leda. "Wurin gugar nan kamar kai."

"Ni nawa bai kai nasa girma ba."

"Ya kusa."

Ta durƙusa ta zaro wata gora da ta gangara ƙarƙashin kujera. Daga can ƙasa muryarta ta fito.

"Amma akwai inda ban yarda ba."

"Ina?"

"Inda yarinyar take kwance, sai ta ji mamarta tana kiranta, kamar tana ɗakin. Muryar sak." Ta miƙe, tana kallon gorar da ke hannunta. "Ni tawa ta fara tafiya, Baba. Fuskar tana nan, in na rufe ido ina ganinta. Muryar ce in na nema sai in ji ta Malama, ko ta Gwaggo."

Ya tsaya da tsintsiya a hannu. Ga rami a gabansa, ya san ta inda ake kauce masa: ya ce yamma ta yi, ya ce kanti suna jiransa, ya ce Allah ya jiƙanta su tafi. Bakinsa har ya ɗauko hanyar. Ya dubi ƙasa, ya ga takalmansa na aiki, baƙaƙe da man inji. Ya yi gyaran murya. Abin da ya fito daga maƙogwaronsa wata siririyar murya ce, ta ƙato yana kwaikwayon mace:

"Malam, wannan takalmin garejin dai ba zai shigo min ɗaki ba, sai dai ka zaɓa, ko ni ko shi!"

Shi kansa sai da kunya ta kama shi. Balbela ta saki baki tana kallonsa, kamar kujera ce ta yi magana.

"Ba haka ba ne," in ji ta a hankali.

"Haka ne mana."

"A'a. Ba ta da siririyar murya haka, kai ka mai da ita kamar akuya. Kuma ba ta cewa Malam da sauri. Ja take yi." Ta ajiye ledar, ta riƙe ƙugu da hannu ɗaya, ta karkata kai. "Maalam."

Ya zauna a hannun kujera. Karkata kan ne, da yadda ta ɗage gira ɗaya. Bai san yarinyar ta ajiye wannan ba, ita ma da alama ba ta san tana da shi ba.

"Sake," in ji shi.

"Maalam. Ko ni ko shi."

"Ƙarshen ba haka ba. Ba ta kai ƙarshe sai dariya ta ci ta. Wajen 'ko shi' ɗin nan muryar takan fashe."

"Yi in ji."

Ya yi. Bai yi kyau ba, ta ce ya fi na farko dai. Ta gwada nata, ya gyara mata, ta gyara masa. Wani wuri suka yi gardama sosai, ita ta ce uwarta "kai" take cewa in an ba ta mamaki, shi ya ce "oh ni" take cewa, daga baya suka yarda duka biyun tana faɗa, ya danganta da wanda ya yi laifin. Bai lura da lokacin da fuskarsa ta jiƙe ba. Ita ta lura, ta duba aljihunta, ta tuna hankicin yana wurin mai tabarau, sai ta ciro tsumman goge madubi daga kafaɗarsa ta miƙa masa. Nata idon ma ya kawo ruwa, ta bar shi yana zuba ba ta share ba.

Maigadi ya buga ƙarfen ƙofa daga can bakin get.

"Baba Direba! Kwana za ku yi a motar ne? Zan rufe!"

"Ga mu nan, Baba!"

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, mutanen kanti ne. Ya duba ya mayar ba tare da ya ɗauka ba. Rabin motar har yanzu gugguru ne. Balbela ta hau kujerar da ke fuskantarsa ta naɗe ƙafafu.

"Saura yadda take kirana in na daɗe a waje," in ji ta. "Wannan shi na fi mantawa."

Direba ya jingine tsintsiya, ya sake yin gyaran murya.